Kindle ko tabilet? Amsoshin tambayoyin da masu karatu suke yawan yi

Wannan tambayar tana ta dawowa, musamman daga ɗalibai da kuma 'yan uwa mata masu karanta nobel, wai wanne ya fi a saya, na'urar karatu irin su Kindle da Kobo ko kuwa tabilet. To ga tambayoyin na tara su wuri guda. Amma kafin ka karanta ko ɗaya, ɗauki wayarka ka shiga inda fayilolin da ka sauke suke taruwa, ka duba me ka fi karantawa kwanan nan, handawut ne na PDF, ko nobel ne da aka turo a guruf, ko littattafan Larabci da aka yi wa sikanin. Yawancin abin da zan faɗa a ƙasa a kan wannan ya rataya.

Wai meye ma bambancinsu, ba duk sikirin ba ne?

A'a fa, sikirin ɗin ne ma ya raba su. Na tabilet irin na wayarka ne, fitila ce a bayansa tana hasko maka rubutun cikin ido, in fitilar ta mutu ba ka ganin komai. Na Kindle kuwa wata fasaha ce da ake kira E Ink wadda aka fara aikinta a jami'ar MIT ta Amurka a shekarun 1990, wasu 'yan mitsi-mitsin ƙwayoyi ne baƙaƙe da farare a cikin sikirin ɗin, in ka juya shafi sai lantarki ya ɗago waɗansu sama ya tura waɗansu ƙasa, rubutu ya fito, daga nan kuma su tsaya cak a wurin ba sa neman wuta. Kamar dai rubutun allo ne, in an rubuta yana nan har sai an wanke an sake wani. Shi ya sa ko ka kashe ta za ka ga hoto ya zauna a fuskarta, wasu har su ɗauka ba ta mutu ba ne.

Sony ne ya fara fitar da irin wannan na'ura a Japan a 2004, Amazon ya fito da Kindle a 2007, iPad kuma sai 2010. Kobo kamfanin Kanada ne amma Rakuten na Japan ya saye shi. Akwai PocketBook, akwai Boox, duk dangi ɗaya ne.

Abin da E Ink ba ta iya ba shi ne sauri. Bidiyo kam ka manta, ko jan shafi sama da ƙasa ma da nauyi take yinsa, wani lokaci sikirin ɗin ya yi baƙi ƙirin na ɗan ƙiftawar ido sannan ya dawo, ba lalacewa ba ce, goge inuwar tsohon shafi take yi.

Da gaske ne cajinta yana yin sati da sati?

Da gaske ne amma da sharaɗi. Amazon yana cewa ƙaramar Kindle tana kai sati 6, Paperwhite ta 2024, wato Kindle ɗin da ta ɗan fi ta girma, kuma sati 12, sai dai lissafin nasu na wanda yake karatun minti 30 ne kacal a rana, Wi-Fi a kashe, haske a ƙasa-ƙasa. In ka buga lissafin sati 6 ɗin nan awa 21 ne na karatu, sati 12 kuma awa 42. To wadda take kwana a kan nobel har asuba ba za ta ga sati 12 ba, ta dai ga sati ɗaya ko biyu. Duk da haka ai ba a haɗa su da tabilet, shi iPad ma awa 10 Apple yake cewa, ƙananan tabilet masu araha kuwa in batirin ya fara tsufa ko ajiye su ka yi ba ka taɓa ba sai ka tarar cajin ya zube.

A unguwar da ake kwana biyu uku ba a kawo wuta ba wannan ba ƙaramin abu ba ne, fawa bank ɗinka ya zama na waya kaɗai, ba sai ka riƙa raba shi biyu ba ko ka kai tabilet wurin mai caji ka zauna kana fargaba.

Ni ɗalibi ne, duk handawut ɗinmu PDF ne. Kindle za ta yi min?

Ƙaramar ba za ta yi ba, kuma a nan ne mutane suka fi yin asarar kuɗi. PDF shafi ne daskararre, yadda aka tsara shi a girman takardar A4 haka zai fito, ita kuwa A4 santimita 21 ce a faɗi da kusan 30 a tsawo, sikirin ɗin Kindle mai inci 6 kuma wajen santimita 9 ne da 12. Ka ga an matse takarda guda cikin tafin hannu kenan, rubutun ya koma kamar ƙwayar gero, sai ka zuƙo shi, ka ja dama, ka jira ya daidaita, ka ja hagu, ka sake jira, layi biyar ka gaji. In handawut ɗin yana da tebur ko zanen jikin ɗan Adam ko lissafi mai kala to abin ya ƙara lalacewa.

Akwai dabaru. Za ka iya kwantar da ita a gicciye ka karanta rabin shafi rabin shafi. In ta imel za ka tura fayil ɗin zuwa Kindle ɗinka, ka rubuta convert a wurin taken saƙon sai Amazon ya warware rubutun ya zama wanda ake ƙara masa girma, amma wannan sai PDF ɗin da aka buga a kwamfuta, wanda malami ya ɗauka da kyamarar waya ko aka yi masa sikanin a shagon fotokwafi hoto ne kawai, babu abin da za a warware. Akwai kuma manhajar KOReader da take yanke farin gefen shafi, tana hawa Kobo da na'urorin Android ba wahala, a Kindle kuwa sai an fasa mata tsaro, ban kuma ba wanda bai saba da irin wannan ba shawarar ya gwada.

Manyan na'urorin karatu suna nan, Kindle Scribe da ta fito a 2022 inci 10.2 ce kuma da alƙalaminta, PDF yana kyau a kai sosai. Sai dai kuɗinta ya sayi tabilet mai kyau har da canji. Ɗalibi kuma ba karatu kaɗai yake yi ba, akwai bidiyon lakca, akwai guruf ɗin aji, akwai cike fom a fotal, akwai asayimen. Ɗalibi dai tabilet mai inci 10 ko 11, magana ta ƙare.

Yaya ni nobel ɗin Hausa nake karantawa, na WhatsApp da Wattpad, ya zan yi?

Ya danganta da yadda yake zuwa miki. In irin wanda marubuciya take sako feji-feji ne a guruf kullum, ana karantawa ana sharhi a ƙasa, to Kindle ba ta da WhatsApp ba ta da Telegram, manhajar Wattpad ko ArewaBooks ma ba sa hawa kanta, birauzar da ke ciki kuma ta lallaɓawa ce kawai. Wannan karatun na waya ne ko tabilet.

In kuwa cikakken littafi ne kike samu a dokumen, na txt ko na Word, to nan ne Kindle take nuna kanta, domin rubutu ne zalla ba hoto, ki ƙara girman haruffa yadda kike so, ki rage tazarar layi, ta riƙe miki inda kika tsaya ko da littafi hamsin kike karantawa lokaci guda. Turawar ma ba wuya, in kin sa manhajar Kindle a waya sai ki danna fayil ɗin ki tura mata shi, ita kuma ki haɗa ta da hotsifot na minti biyu ya sauka. In na txt ne kuma, ko ta igiyar USB daga kwamfuta, ki jefa shi cikin foldar documents. Nobel ɗaya na rubutu zalla da ƙyar yake wuce megabait biyu uku, ita kuma gigabait 16 take zuwa da shi yanzu, ba za ki cika ta ba.

Ga nauyi kuma. Ƙaramar Kindle giram 158 ce, iPad ya kusa rabin kilo. Duk wadda ta taɓa gyangyaɗi tabilet ya faɗo mata a karan hanci ta san me nake nufi.

Sai dai don Allah littafin da marubuciya ta ce na kuɗi ne a biya ta, a kuma daina watsa shi a guruf-guruf, wannan ba ruwansa da wace na'ura kike riƙe da ita.

Haruffa masu ƙugiya suna fitowa daidai?

Ya danganta da salon haruffan da ka zaɓa. Wani salon bai da ɓ da ɗ da ƙ, sai na'urar ta aro su daga wani salon daban, ka ga harafi ɗaya ya fi 'yan uwansa kauri ko ya ɗan karkace, wani lokaci ma akwati ya fito a madadinsa. Maganin mai sauƙi ne, Kindle da Kobo duk suna karɓar salon da ka sa musu da kanka, ka sauke Charis SIL ko Gentium ko Noto Serif, duk kyauta ne kuma suna da haruffan Hausa cif, ka zuba a foldar fonts ta USB sai ka zaɓe shi a cikin littafin.

Malam littattafan addini fa, na Larabci, da Alƙur'ani?

Nan ma tabilet ya fi ga yawancin mutane. Littattafan da ɗaliban ilimi suke yawo da su galibi PDF ne na sikanin, mujalladi guda shafi ɗari biyar ko fiye, ga hashiya a ƙasa da ƙananan haruffa, matsalar nan dai ta handawut ce ta dawo. Maktaba Shamila da manhajojin hadisi da na Alƙur'ani masu sautin ƙira'a duk Android ko iPad suke so. Mus'hafin tajwidi kuma kala ce take aiki a cikinsa, a sikirin baƙi da fari duk ta koma toka-toka. Sannan Kindle na yanzu ba su da sifika, sautin da suke yarda da shi na Audible ne, wato littattafan murya na Amazon, ta Bluetooth, ba za ka zuba mata tafsirin da ka tara na mp3 ta kunna ba.

Kindle tana karanta Larabci dai, tun 2018 Amazon ya fara sayar da littattafan Larabci a kanta, daga dama zuwa hagu yadda ya kamata. In littafin rubutu ne ba hoto ba lafiya lau. Wanda kuma yake son E Ink dole saboda ido ko caji, ya duba Boox, ita Android ce a ciki, tana ɗaukar manhajoji.

Wanne ya fi sauƙi a ido? An ce tabilet yana kashe ido.

Kashe ido ya yi yawa. Abin da aka sani shi ne yana gajiyar da ido, mutum in ya ƙura wa sikirin mai haske ido ƙiftawarsa tana raguwa, idon ya bushe ya riƙa yaji, wani har kai ya sara masa. In an huta yana wucewa. Likitocin ido suna ba da shawarar duk minti 20 ka ɗaga kai ka kalli wani abu mai nisa na daƙiƙa 20.

Maganar barci ce take da ɗan ƙarfi. A ƙarshen 2014 masu bincike a asibitin Brigham and Women's da ke Boston sun sa mutum 12 karatu na awa huɗu kafin kwanciya, wasu darare a iPad wasu a littafin takarda, sai suka ga a dararen iPad barci yana jinkirta da wajen minti 10, sinadarin melatonin mai kawo barci ya ragu, da safe kuma an tashi da kasala. Mutum 12 ba yawa ba ne, kuma an ƙure musu hasken ne, amma duk mai karatun dare ya san akwai gaskiya a ciki.

Ita ma Kindle tana da fitila tun Paperwhite ta 2012, sai dai a gefe-gefen sikirin take tana haska saman shafin, ba daga baya take harbo ido ba, kuma da rana za ka iya kashe ta gaba ɗaya. In tabilet gare ka ka rage haske da dare, ka kunna yanayin dare mai ɗan ja-ja, ka sa bayan shafin ya zama ruwan ƙasa maimakon fari tas, bambancin da za ka ji ba kaɗan ba ne.

A rana fa, ko a zafi irin namu?

A tsakar rana Kindle ƙara fitowa take yi, tabilet kuwa fuskarka kawai za ka gani a ciki sai ka ƙure haske, batir ya tafi. Amma zafi dukkansu ba sa so, Amazon da Apple duk digiri 35 suka rubuta a matsayin iyakar zafin da za a yi aiki da na'urorinsu, mu kuwa a Afrilu Kano da Sakkwato da Maiduguri da Zinder ana haura 40. Ba wai za ta mutu nan take ba, batirin ne yake saurin tsufa ko ya kumbura. Kar a bar ta a cikin mota a rufe, kar a sa ta caji a ƙarƙashin filo.

Ba zan iya karatun a wayata kawai ba?

Za ka iya mana, kuma in kuɗin ba su kai ba ka yi hakan, ka sa ReadEra ko Moon+ Reader ko manhajar Kindle ɗin kanta, kyauta ne. Matsalar waya da tabilet ɗaya ce, kana tsakiyar shafi saƙo ya faɗo, ka ce bari in duba ɗaya tak, sai ka farka bayan awa guda kana TikTok ba ka ma tuna wane littafi ka buɗe ba. A ganina wannan ne babban abin da ake saya in an sayi na'urar karatu, ba ta iya komai ba sai littafi, to dole ka karanta ko ka ajiye. Wanda yake iya kashe data ya zauna awa biyu bai leƙa ko'ina ba, shi ba ya buƙatarta sosai. Mu nawa ne haka dai.

Ba ni da katin dala, a ina zan samu littattafai?

Sayen littafi a shagon Amazon da katin naira abu ne na yau a yi gobe a hana, ya danganta da bankinka da iyakar da suka sa, ka tambaye su. Amma ba dole ba ne. Project Gutenberg yana da littattafai sama da 70,000 kyauta waɗanda haƙƙin mallakarsu ya ƙare, yawanci na Turanci. Kobo da PocketBook suna buɗe EPUB, wato tsarin fayil na littattafan na'ura, kai tsaye in ka kwafa musu, Kindle kuwa tun 2022 tana karɓar EPUB amma sai ta hanyar Send to Kindle, wato turawar nan ta imel ko manhaja, ba ta kwafe da USB ba. In kana da kwamfuta ka sa Calibre, kyauta ce, tana juya fayil daga wannan tsari zuwa wancan, tana kuma shirya maka littattafanka da sunan marubuci.

Ka san da wannan kuma, littafin da ka saya a Amazon a kulle yake da asusunka, ba zai buɗu a Kobo ba, kuma a Fabrairun 2025 sun cire damar sauke shi a kwamfuta don kwafewa ta USB.

Masu kala fa, na ga sun fito?

Sun fito, Kobo Libra Colour da Clara Colour da Kindle Colorsoft duk a 2024. Kalar dishi-dishi ce kamar ta tsohuwar jarida, kuma shafin ya fi na baƙi da fari duhu sai an ƙara fitila. Don bangon littafi da ja wa layi kala ta yi, don mujalla ko littafin likitanci mai hotuna kuwa tabilet ya yi mata nisa.

Yaro nake so in saya wa, wanne?

Shekararsa nawa? Ƙaramin da yake koyon haruffa hoto da kala da sauti yake so, wannan tabilet ne, amma a kulle shi da Family Link, manhajar da iyaye suke sa ido da ita, ko makamanciyarta, a sa masa lokaci, in ba haka ba katun da gem za su cinye karatun cikin sati guda. Ɗan sakandare da ya fara karanta labarai da kansa kuwa Kindle ta fi, ko ba komai ƙamus ɗin da ke ciki, ya danne kalmar Turancin da bai sani ba ma'anarta ta fito ba tare da data ba, na'urar kuma ta tara masa kalmomin da ya duba ya riƙa bita. Sai dai babu ƙamus na Hausa cikin waɗanda take zuwa da su.

Nawa ake sayarwa, kuma ta hannu tana da matsala?

Ba zan rubuta farashin naira ba don kafin ka karanta ya canza. A Amurka ƙaramar Kindle ta 2024 ta fito a kan wajen dala 110, Paperwhite wajen dala 160, ka ɗora kuɗin kawowa da ribar ɗan kasuwa. Tabilet kam ko'ina akwai, Farm Centre a Kano, Banex a Abuja, Computer Village a Legas, Samsung da Lenovo da Redmi da Infinix da Itel kowa da ƙarfinsa, ka dai nemi mai RAM gigabait 4 zuwa sama in manyan PDF za ka riƙa buɗewa. Kindle ba ta cika yawa a shaguna ba, an fi samunta a intanet ko wurin masu kayan tokumbo ko a sa wani ya taho da ita.

Ta hannu ba laifi, suna da ƙarko, amma kar ka biya sai ka yi waɗannan a gaban mai sayarwa. Ka kunna hotsifot ka yi mata rajista da asusunka na Amazon nan take, domin in an taɓa kai rahoton ta ɓata ko an sace ta Amazon yana toshe lambarta, ba za ta sake karɓar rajista ba. Ka buɗe farin shafi ka ƙure fitila ka duba ko akwai ɗigo mai haske ko layin da ya daskare. Ka ɗora ta a kan tebur ka ga ko bayanta ya kumbura. Ka duba bakin caji, Paperwhite daga 2021 da ƙaramar daga 2022 USB-C ne, na baya ƙaramin bakin nan ne na da. In ka ga talla a fuskarta in an kashe ta, haka aka sayar da ita da rangwame, ba cuta ba ce.

In ta fashe akwai gyara?

Tabilet in na kamfanonin da suka cika kasuwa ne ana samun sikirin ɗinsa, yaran kasuwar waya su canza maka kana tsaye. Na E Ink da wuya ka samu a nan sai an yi oda, kuɗin odar da na aiki kuma ya kusa na wata ta hannu. Gilashin da yake fashewa ma a ciki yake, siriri ne ƙwarai, sai ka ga saman lafiya lau ba ko ƙwarzane amma rabin shafin ya daskare da layuka, yawanci daga zama a kanta ne ko cusa ta a jaka tare da caja da kwalbar turare. Ranar da ka saye ta ka saya mata gida mai marfi mai tauri, kar kuma ka sa ta a aljihun baya in za ka hau adaidaita.